Itacen Douglas Da Darasinsa Ga Masu Dashen Ƙawa A Katsina

Gabatarwa

A kalandun bango da katunan gaisuwar Kirsimati da ake kawowa daga ƙasashen Turai, sau da yawa akan ga hoton wani itace kore shar, mai faɗi daga gindi, mai tsini daga sama kamar jinkar ɗaki, dusar ƙanƙara ta kwanta a kan rassansa. Ɗaya daga cikin shahararrun itatuwa masu wannan siffa shi ne itacen Douglas. Ɗalibai da dama, har da manya, sukan yi tambaya ko zai yi a harabar makaranta ko a ƙofar gida a nan Katsina in an samo irinsa. Amsar ita ce ba zai yi ba. Amma tambayar tana da amfani, domin kowace damina mutane suna kashe kuɗi su sayi dashe saboda kyaun siffarsa kawai, su sha wahalar ban-ruwa wata da watanni, kafin bazara ta wuce ya bushe ya bar su da rami. Idan muka fahimci yadda aka sami ire-iren itacen Douglas na ƙawa, da abin da ya hana shi zama a ƙasarmu, za mu san abin da ya kamata mu dasa, mu kuma gane irin arzikin da muke wucewa kullum ba mu kula ba.

Asalin Itacen

Gidan wannan itace shi ne yammacin Amurka ta Arewa, tun daga Kanada, ya biyo jihohin Washinton da Oregon da Kalifoniya, har zuwa tsaunukan Meziko. Mutanen asali na waɗannan wurare sun daɗe suna amfani da shi. Wani likitan jirgin ruwa ɗan Sukotlan mai suna Archibald Menzies shi ne Baturen da ya fara bayyana shi ga masana a farkon shekarun 1790. Daga baya ƙungiyar masu lambu ta birnin Landan ta aiki wani saurayi, shi ma ɗan Sukotlan, mai suna David Douglas, don ya tattaro irin tsire-tsire. Ya isa bakin kogin Kolambiya a 1825, irin da ya aiko kuma ya isa Birtaniya a 1827. Douglas ya rasu a tsibirin Hawai a 1834 yana da shekara 35, amma itacen ya ci gaba da amsa sunansa. Masana kuwa suna kiransa Pseudotsuga menziesii, don tunawa da wancan likita. Danginsa ɗaya da itacen al'ul na Lebanon da muke jin labarinsa a Littafi Mai Tsarki.

Ganyensa siriri ne kamar allura, ba ya kuma kaɗe shi gaba ɗaya a kowane lokaci na shekara. Irinsa yana fitowa a cikin wani busasshen ƙunshi mai ɓawo hawa-hawa kamar ƙaramar abarba, a tsakanin ɓawon kuma akwai wasu 'yan harsuna masu baki uku da suka yi kama da wutsiyar ɓera da ƙafafunsa na baya. Da wannan alama ake rarrabe shi da sauran danginsa. Yana cikin itatuwan da suka fi tsawo a duniya. An taɓa auna wani a jihar Oregon, aka ga ya kusa mita 100. Hasumiyar Gobarau tamu ta Katsina tsawonta kamar mita 15 ne, wato sai an ɗora irinta shida a kan juna, da ɗoriya, kafin a kamo shi. Yakan kuma rayu fiye da shekara 500. Katakonsa na da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa ƙasashe irin su Faransa da Jamus da Niyu Zilan suka dasa gandaye manya-manya nasa.

Yadda Aka Sami Ire-irensa Na Ƙawa

Mai karatu zai ce, itacen da ya fi hasumiya shida tsawo, ina shi ina tsakar gida? Gaskiya ne. A nan ne aikin masu lambu ya shigo.

Da ma can a daji itacen kashi biyu ne. Akwai na bakin teku, mai saurin girma da koren ganye, akwai kuma na kan tsaunukan Roki, wanda bai kai wancan tsawo ba, ganyensa yana da shuɗi-shuɗi, ya kuma fi jure sanyi da ƙarancin ruwa. Masu renon dashe sukan shuka iri dubbai a lokaci ɗaya. A cikin dubu sai a sami guda da ya fita daban: wani rassansa sun sunkuyo ƙasa, wani ya ƙi tsawo, wani ya miƙe siriri. Mai neman katako cire irin wannan yake yi ya yar. Mai neman ƙawa kuwa ware shi yake yi, ya zuba masa ido shekara da shekaru ya ga ko halin zai ɗore. Wani lokaci kuma a jikin babban itace akan ga wani cunkushin ƙananan rassa kamar yadda kauci ke yi, sai dai shi wannan jikin itacen ne da kansa. In aka yanko shi aka raine shi, sau da yawa yakan ba da wadan itace.

Ta irin waɗannan hanyoyi aka sami wanda ake kira Pendula, mai rassa a sunkuye kamar jelar doki, da Fastigiata, mai rassa a tsaye manne da jiki, wanda ya dace da wuri mai ƙunci. Akwai Fletcheri, da aka samu a Ingila, wanda yakan yi shekaru masu yawa bai wuce tsayin mutum ba, ya baje kamar kwando.

Abin lura shi ne, irin waɗannan itatuwa ba a yawaita su ta hanyar shuka iri, domin 'ya'yan sukan koma halin kakanninsu na daji. Sai dai a yanko reshe a kafa shi, ko a ɗaura shi a kan gindin wani. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Shi ne abin da masu lambunmu ke yi wa mangwaro da lemo su ce sun yi musu aure, shi ne kuma abin da kakanninmu ke yi in sun saro reshen cediya ko durumi suka kafa a ƙofar gida. Ashe kowane Fletcheri da ke duniya yau yanki ne na itace guda ɗaya da wani mai ido ya lura da shi.

Me Ya Hana Shi Zama A Katsina?

Wasu za su ɗauka ruwa ne kaɗai matsalar. Lalle ruwa na ciki. Ruwan saman da Katsina ke samu a shekara bai fi milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukansa kuma tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, sai a yi wata bakwai ko takwas ba ɗigo. Amma ko da an kafa masa famfo a gindi, akwai abu biyu da ba a iya saya masa.

Na farko sanyi. Idan itacen Douglas ya gama girman shekara, sai tohonsa ya rufe ya kwanta. Ba ya buɗewa yadda ya kamata sai ya sha sanyi irin na cikin firji na makonni da yawa. Da haka yake gane hunturun ƙasarsu ya wuce. Namu hunturun, duk da yadda yake sa mu neman bargo da asuba, da rana ta ɗaga zafi yakan kusa digiri 30. Na biyu kuma zafin bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Katsina yakan kai digiri 40, ga busasshiyar iska mai zuƙe ruwan ganye. Itacen da ya saba da hazon bakin teku da sanyin tsauni ba zai iya da wannan ba. Ga kuma gara tana jiran duk saiwar da ta yi rauni.

Ma'aikatan gandun daji sun daɗe da gwada dangin wannan itace a Nijeriya. Tashar binciken itatuwa da aka kafa a Samaru ta Zariya a 1964 ta yi gwaje-gwaje da yawa a kan itatuwan fayin na ƙasashe masu zafi, musamman wanda ya fito daga yankin Karebiyan. Ya yi kyau a Afaka kusa da Kaduna, da Miyango a kan tsaunin Jos, inda ruwan sama ya ninka namu kusan sau biyu. Ko a can ma sai da aka gano cewa fayin ba ya girma sai da wata irin fumfuna da ke zama a saiwarsa tana taya shi jawo abinci, don haka akan zuba wa dashen ƙasar da aka ɗebo daga gindin tsofaffin fayin. Jos tana bisa tudu mai tsayin kamar mita 1,200, Katsina kuwa kamar mita 500. Wanda ya ga fayin a Jos ya ɗauko dashensa a mota zuwa nan, ya sani kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Masu Kama Da Shi Da Muke Gani A Gari

Duk da haka wanda ransa ya biya da wannan siffa mai tsini bai rasa abin dasawa ba. Akwai wanda masu sayar da dashe ke kira maskwared, dogo siriri mai ganye a sunkuye, da ake jerawa a jikin katangar gidaje da ofisoshi. Asalinsa daga Indiya da Siri Lanka ne. Shi ma zaɓaɓɓe ne, domin akwai ɗan'uwansa mai baje rassa, amma masu lambu suka fi yaɗa siririn. Yana jure zafi, sai dai inuwarsa kaɗan ce, kuma yana son ban-ruwa da rani. Akwai kasharina, mai kamar gashin doki, wadda ke yin fito in iska ta kaɗa. Ta yi kama da fayin amma ba danginsu ɗaya ba. Asalinta Ostireliya da kudu maso gabashin Asiya. A ƙasar Sanagal an dasa ta a bakin teku tsakanin Dakar da Sanluwi don tsare yashi. Tana son wurin da ruwan ƙasa ke kusa. Sai kuma wanda wasu ke kira satalayit, ɗan Madagaska, mai rassa hawa-hawa kamar an jera faifai. Yana saurin girma, amma saiwarsa tana bin saman ƙasa, takan ɗaga daɓe.

Kafin a jera irin waɗannan, a yi lissafi. A ce makaranta ta dasa guda 20, kowane yana shan jarka ɗaya mai lita 25 bayan kwana bibbiyu. A wata takwas na rani, wato kwana 240, za a zuba jarka 2,400, lita 60,000 ke nan. A garin da gidaje da yawa ke haɗa ruwan famfo na madatsar Ajiwa da na rijiya da na 'yan ga-ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai a dasa kaɗan a inda ido ke fara sauka, kamar bakin ƙofar shiga, ko inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa.

Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari

Kada a ɗauka duk baƙon itace ne ba ya yi. Bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, wasu kuma dogon yaro ko maina, ɗan Indiya ne da Bama. Ta Gana ya biyo, aka fara dasa shi a lardin Barno a 1928. Yau da wuya ka bi layi ɗaya a Katsina ba ka ga bedi ba, har yara suna ɗauka tun fil azal yake nan. Dalili shi ne ƙasar da ya baro tana da dogon rani da zafi irin namu. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka fara jera shi layi-layi don kare gonaki daga iska. Shirin dashen itatuwa na Katsina, wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa daga 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, shi ma ya dogara ƙwarai da bedi da turare wajen yin shingen kare iska a arewacin jihar.

Sai dai dogaro da iri ɗaya yana da haɗari. A shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya addabi bedi a yankin tafkin Cadi. A farkon shekarun 1990 kuma aka ga bedi da yawa a Nijar da arewacin Nijeriya suna kaɗe ganye, rassa suna bushewa daga sama. Bedi ya tsallake waɗannan, amma ya bar mana gargaɗi. Harabar da itacenta iri ɗaya ne, ciwo ɗaya ya isa ya mai da ita fili.

Namu Na Gida

Sunayen unguwanninmu sun isa shaida cewa kakanninmu sun san darajar itace. A cikin birni akwai Sararin Kuka da Kukar Gesa da Rimin Badawa, a kan hanyar Kano ga garin Rimi. A Kano ma akwai Ɗorayi da Giginyu da Kurna da Durumin Iya. Itatuwan da suka ba wurare suna ba a yi musu ban-ruwa da jarka ba.

Wajen inuwa, madaci ba shi da na biyu. Tun zamanin Turawa ake jera shi a bakin tituna a biranen Arewa, har an kai shi arewacin Ostireliya ana noma shi don katako. Babban abokin gabansa shi ne masu saɓar ɓawonsa don magani, domin in aka zagaye gindin da sara, itacen ya mutu. Tsamiya da kanya suna da nawar girma, amma inuwarsu mai sanyi ce, ga 'ya'ya. Marke yana da ƙananan ganye da rassa masu sunkuyowa, kyaunsa bai gaza na Pendula ba. Gawo kuwa yana kaɗe ganye da damina ya yi toho da rani, wato lokacin da aka fi bukatar inuwa.

Wajen fure ma ba a bar mu a baya ba. Marga takan zubo furanni rawaya zara-zara a ƙarshen rani. Sansami yakan lulluɓe da fure mai ruwan hoda tun ganye bai fito ba. Gurjiya da minjirya furensu ja ne wur, a tsakiyar rani lokacin da ko'ina ya yi fari da ƙura. Lalle yana yin shinge mai kyau in ana aske shi, ga ƙanshin furensa da yamma.

Babban misali shi ne ƙariya, 'yar gajeruwar nan mai kumburarren gindi da fure ja-ja, wadda Hausawa suka yi wa karin magana da cewa fure take ba ta 'ya'ya. Tsiron ƙasashenmu ne na bakin hamada, har zuwa gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Masana suna kiranta Adenium obesum. Masu lambu a Tailan da Taiwan sun ɗauke ta sun yi mata irin aikin da aka yi wa itacen Douglas. Sun zaɓi masu fure fari, da ja mai duhu, da mai zane, da mai ninki kamar wardi, suna yi musu aure a kan gindin ta daji. Yau ire-irenta sun kai ɗaruruwa, ana sayar da su a tukwane a ƙasashen duniya. Mu da muke da uwar, sai mu sayi jikanyar da tsada. A kula dai, ruwan jikinta dafi ne, kada a bar ƙananan yara ko dabbobi su tauna ta.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna abin da lura ke haifarwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gane cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka rage sauran, sai itace ya tashi da sauri, domin saiwarsa ta riga ta yi nisa. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kamar miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Saboda haka kafin a share bayan ajujuwa, a duba ko akwai kututturen kalgo ko aduwa ko gawo da ke neman tashi.

Shawarwari Ga Mai Dashe

Da fari, a tambayi mai sayarwa asalin itacen da girman da yake kaiwa. Wanda ya fito daga ƙasa mai dogon rani shi ne abokin tafiya.

Na biyu, a dasa da zarar damina ta zauna, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. A haƙa rami kamar santimita 60 zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana kiran gara. A cire ledar kafin a binne.

Na uku, a ba gini haƙƙinsa. Madaci da cediya da durumi su yi nesa da ɗaki da rijiya da masai da aƙalla mita 10. Kada a dasa dogon itace a ƙarƙashin wayar lantarki.

Na huɗu, a kewaye dashe da ƙaya ko bulo saboda awaki. A ranin farko da na biyu a riƙa ba shi ruwa mai yawa jefi-jefi, ya fi yayyafi kullum, domin ruwan da ya nutse shi ke jan saiwa ƙasa. A rufe gindin da busasshen ganye, amma kada ya taɓa jikin itacen.

Na biyar, a gauraya iri. In za a dasa goma, kada bedi ya wuce uku.

Kammalawa

Abu biyu ne suka mai da itacen Douglas abin ƙawa a lambunan Turai: ƙasar da ta karɓe shi, da mutanen da suka tsaya suka lura da wanda ya fita daban. Na farkon ba ya hannunmu, amma na biyun yana hannun kowane ɗalibi. Idan kun tafi hutu ƙauyukanku, ku buɗe ido. Wataƙila akwai margar da furenta ya fi na sauran yawa, ko cediya mai ganye da ɗigon fari, ko ƙariya mai launin da ba a saba gani ba, ko tsamiyar da ta tsaya gajeruwa. Ku nemi izinin mai ita, ku ɗebo iri ko reshe, ku rubuta sunan garin da ranar da kuka samo, ku kawo wa malamin aikin gona. Ƙungiyar matasa manoma tana iya ware ɗan fili a bayan makaranta don renon irin waɗannan. Wasu za su mutu, wasu za su koma yadda sauran suke, amma wanda ya riƙe halinsa ya zama iri sabo, kuma masu shi ne za su raɗa masa suna. Da haka kowane aji zai iya barin itace guda da na baya za su zauna a inuwarsa su yi karatu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.